Ba Ruwan Tiga Ne Ya Ci Kakanka Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Legas lafiya kamar yadda ka bar gida lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na bariki, Ya sanya albarka a sana'ar gwarin da ka je koyo wurin yayanka Habu.

Na sa wannan takarda a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawar da mahaifiyarka ta ɗaure maka, don na san kafin mako ya zagayo cikinka zai kai ka wurin. Da baki na so in yi maka maganar, to amma na san halinka. Za ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kana ta "to Baba, to Baba," alhali kunnuwanka sun riga ka isa tasha. Takarda kuwa ba ta gajiya da jira.

Ranar da za ka tafi ka ga ƙanwata, Goggonka Asabe. Da ƙafarta ta tako tun daga gidanta, da kwanon gyaɗa a kai, ta ƙi yarda kowa ya karɓar mata, ta kuma tsaya a tsakar gida ta yi maka tas a kan askin da ka yi. Kai ka ga tsohuwa mai faɗa. Ni nasara na gani tana tafiya da ƙafa biyu. Shekara uku ke nan da aka yi mata aiki a birni, lokacin kana makaranta, aka ce maka gyambon ciki ne. Ni na ce a faɗa maka haka, kuma ƙarya ce. Ciwon daji ne, a wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke taimaka wa ciki narka abinci, take kuma daidaita sukarin jini. Likitoci na ce mata fankiriyas. Na shekara sittin da ɗoriya ina yawo da ita ban san da zamanta ba.

Wannan ciwo ya san hanyar gidanmu, kuma ni na riƙa share masa hanyar da hannuna. Bari in lissafa maka kurakuraina yadda na yi su, ka ɗauki abin ɗauka.

Na farko ya faro ne tun ina yaro. Ka sha jin labarin yadda aka tashe mu daga tsohon garinmu lokacin da aka tare ruwan Tiga, aka kawo mu nan ƙasar Bebeji. Mahaifina, kakanka, manomi ne, kuma ba ya rabuwa da lofensa da battar taba gari. Damina ta uku bayan tashinmu sai ya fara ramewa. Tuwo ya fita ransa. Yana cewa wani abu na sukarsa daga saman ciki ya ɓulle ta baya, ba ya jin sauƙi sai ya zauna ya duƙa gaba. Daga baya idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara, jikinsa ya kama ƙaiƙayi. Bai ga kaka ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, dattawa suka ce baƙin ciki ne ya ci shi. Mutum ya bar gonarsa da kaburburan iyayensa a ƙarƙashin ruwa, ina zai sa ransa? Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na karɓi wannan labari na riƙe shi shekara arba'in, ina ba da shi a bakin ruwa, a wurin suna, a duk inda aka ba ni kunne. Har ƙawata shi na riƙa yi, ina cewa yakan zauna a kan tudu yana nuna daidai inda rumbunsa yake. Labari ne mai daɗin faɗa, yana sa a dube mu da tausayi da girma. Ban ce bai yi baƙin ciki ba, ya yi. Amma baƙin ciki ba ya rina ido. Ba likitan da ya duba shi, don haka ba zan rantse ba, sai dai na ga irin wannan tafiya sau biyu bayansa, kuma ba ta canza ko taku ɗaya ba. Shawarata, Sanusi: idan wani ya rasu a gidanku, ka yi masa addu'a, ka yarda da ajali, sannan ka tambaya mene ne sanadi. Tambayar ba ta rage imani. Kada daɗin labari ya hana ka sanin gaskiya.

Kuskure na biyu shi ne gādon da na zaɓa. Da aka raba ɗan abin da kakanka ya bari, yayana Sale, mahaifin Habu, ya ɗauki lofe, ni na ɗauki batta. Lokacin mun koma kamun kifi tunda gona ta nutse. Manyan masunta suka ce mana taba ce ke ɗumama ƙirjin mai shiga ruwa da sanyin safiya. Muka yarda, don abin da muke son ji ke nan. Daga lofe muka koma sigari, ni kuma na haɗa biyu, hayaƙi a baki, gari a ƙasan leɓe. Na fi shekara talatin a haka.

Yaya Sale bai kai sittin ba ciwon ya zo masa, sak irin na mahaifinmu. Wannan karon ba ruwan da ya ci gari, sai muka nemo wani labarin. Da farko muka ce ciwon shawara ne, muka ɗauke shi har wajen Doguwa wurin wani mai magani, ya sha saiwoyi masu ɗaci har ya daina gane ɗanɗanon gishiri. Da abin ya ƙi, muka ce sammu ne. Akwai wani Ɗan'azumi da suka taɓa cacar baki da shi a kan wurin shimfiɗa kifi a Bagauda, sai muka rataya masa. Bayan rasuwar Yaya Sale na shekara goma sha ɗaya ban amsa sallamar mutumin nan ba. Ina zaune ina tsine masa, karan sigari na ci a hannuna.

Bara na je na same shi na nemi gafara. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Da na gama bayani ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam Isa, ni da ɓera ya hana ni sakat a ɗaki shekara da shekaru na kasa kashe shi, ni zan kashe ƙato kamar Sale daga nesa? Ai da ina da wannan asirin da ɓeran na fara."

Na ce, "Ka yafe mini dai."

Ya ce, "Na yafe. Amma ka yi ta zuwa, na yi kewar rashin kunyarka."

Ka ji. Kafin ka nemi maƙiyi a kasuwa, fara laluba aljihunka.

Na uku shi ne tumbi. Da noman rani ya karɓe mu, tumatir da albasa suka fara tafiya kudu, sai na ga lokaci ya yi da jikina zai ba da shaida. Shayi da safe sai cokali ya kusa tsayawa a cikinsa don sukari. Ranar kasuwar Kiru ba na dawowa sai na zauna gaban mai tsire, in kora da lemon kwalba biyu. Gonar da nake zuwa da ƙafa na koma hawa acaɓa, har ta kai masu acaɓa in sun hango ni sai su duba tayar baya. Mutane suka fara ce mini Alhaji tun ban ga ko filin jirgi ba, ni kuwa ina shafa ciki ina amsawa. A wurinmu wanda ya rame shi ake yi wa jaje, mai ƙiba barka ake yi masa. Ba wanda ya gaya mini cewa kitsen nan na ciki kaya ne nake ɗora wa 'yar tsokar nan, kuma shi ke kiran ciwon sukari.

A wannan zamanin ne kuma nake feshin maganin ƙwari ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Da hannu nake dama shi. In bakin injin feshi ya toshe, in sa bakina in hure, in tofar, in goge da hannun riga. Daga baya likitar da ta duba Goggonka ta ce mini ba a tabbatar da laifin wannan kamar yadda aka tabbatar da na taba ba, amma ta dube ni ta ce, "Baba, abin da aka yi don ya kashe tsutsa kake sa wa baki?" Kai yanzu zama za ka riƙa yi a rumfa kana jiran motocin tumatir, abinci mai maiƙo na zagaya ka. Ka riƙa motsa ƙafa. Ka ci wake da ganye, ka rage zaƙi da nama mai kitse. In aka ce maka ba ka yi kama da mai kuɗi ba, ka ce Alhamdulillahi.

Na huɗu shi ne mafi muni, kuma a cikin yini ɗaya na yi shi.

Goggonka tana da shekara sittin, ba ta taɓa ciwon sukari ba, kwatsam aka ce tana da shi. Kuma maimakon ta yi ƙiba sai zanenta ya fara zagaya ta sau biyu. Ita ba ta shan sigari, amma ta yi shekaru tana tusa taba gari a ɓoye, ta kuma yi zaman aure da mai busa hayaƙi a ɗaki. Ƙaramin asibitinmu suka tura mu birni, ni na raka ta. Muka tarar da wata likita, yarinya ce, ba za ta girmi yayarka Maryam ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta yi tambayoyi, sannan ta ce, "Baba, a gidanku akwai wanda ya taɓa ramewa haka, da ciwon baya, ko idonsa ya canza launi, har ya rasu?"

Na ce, "Babu."

Ka san dalili? A lokacin ana maganar auren Maryam da mutanen Tudun Wada. Na ji tsoron in kalmar daji ta fita daga bakina, za ta riga mu isa gida, a ce gidan Malam Isa akwai ciwon gādo, a janye. Kuma akwai kunya. Yaya zan zauna gaban 'yar cikina ina tona yadda ubana ya mutu? Likita ta rubuta maganin sukari, ta ce mu dawo bayan wata uku.

Muka shiga bas muka kamo hanyar gida har muka kusa Bagauda. Sannan Asabe ta juyo, a gaban fasinjoji, ta ce, "Yaya, ashe Baba da Yaya Sale raƙumi ne ya taka su?"

Na ce, "Asabe, a mota muke."

Ta ce, "Na sani. Can ma a asibiti muke, ka ga ai can ne wurin faɗin gaskiya. Ka tuna tatsuniyar da Inna take mana, ta mai kwale-kwalen da ya zauna a kan huda don kada fasinja su gani su fasa shiga? Ya rufe asirinsa tsaf. A tsakiyar kogi aka yi jana'izar asirin da shi da su."

Wani dattijo a kujerar baya ya ce, "Hajiya ta fi ka gaskiya, Malam, ko da ban san zancen ba."

Washegari da sassafe muka koma. Na shiga na zauna gaban yarinyar nan, na cire hula na ɗora a gwiwa, na ce, "Likita, jiya na yi miki ƙarya." Na ba ta labarin kakanka da na Yaya Sale, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ajiye alƙalami ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ba wanda zai iya cewa wane zai kamu, wane ba zai kamu ba, kuma da yawa suna da duk abubuwan da ke jawo ciwon amma har su tsufa bai zo musu ba. Sai dai akwai abubuwan da ke buɗe masa ƙofa. Babbansu taba, ta busawa da ta tusawa. Sai ƙiba, musamman ta ciki. Sai ciwon sukari, ballantana wanda ya faɗo wa mutum da tsufa yana kuma ramewa. Sai yawan shan giya, wadda ke kumbura wannan tsoka shekara da shekaru. Sai yawan shekaru. Sai kuma jini, idan uba ko uwa ko ɗan'uwa na ciki ɗaya ya yi, balle a ce mutum biyu a gida ɗaya. Ta ce, "Shekaru da jini ba a hannunku suke ba, Baba. Sauran kuwa a hannunku suke."

A makon aka yi wa Asabe hoton ciki. Aka ga abin, ƙarami, bai kai ga yaɗuwa ba. Suka yi mata aiki mai tsawo, tun hantsi har bayan la'asar ina zaune a kan benci ina jan carbi. Bayan nan ta sha wahalar magunguna wata da watanni, ta rame kamar sillen kara. Amma ta tashi. Babban likitan da ya yi aikin ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ciwo ɓarawo ne marar motsi, yawancin masu shi ba sa zuwa sai ya gama kwashe kayan ɗaki, kuma da mun jira wata ukun nan mai yiwuwa da ba su taɓa ta da wuƙa ba. Har yau tana komawa a duba ta, kuma ba mu san gobe ba. Amma damina uku ta shuka gyaɗarta ta cire da hannunta. Mahaifinmu bai sami wannan ba, Yaya Sale bai samu ba.

Ranar da aka sallame ta na bar taba. Kada in yi maka ƙarya in ce da sauƙi. Sati uku ina faɗa da kowa, har akuya na yi wa tsawa don ta dube ni. Mahaifiyarka da ta shekara talatin tana roƙona in bari, ita ce ta ce, "Malam, don Allah ko kara ɗaya ka sha mu huta." Na ce ko za a mutu. Na cika aljihu da asuwaki da soyayyar gyaɗa, in abin ya taso in tauna, in ya ƙi in ɗauki fartanya in tafi gona da ƙafa. Yau shekara uku ban taɓa ba. Tumbin ya sauka, tela ya rage mini riguna, masu acaɓa sun yi asarar fasinja. Ina hawa tudun bakin ruwa ba na tsayawa neman numfashi. Tsoho mai shekara sittin da bakwai ya kayar da abokin kokawar da ya fi shekara talatin yana danne shi, ka bar ni in yi kirarina.

Maganar auren Maryam kuwa, da ƙafata na je Tudun Wada na gaya wa surukanmu komai kafin a shafa fatiha. Baffan mai neman auren ya saurara har na gama, ya ce, "Malam Isa, nuna mini gidan da ba a mutuwa in kai ɗana can. Gidan da ake faɗin gaskiya ne ya yi wuya, kuma mun samu." Ka dai ga ɗan da ta haifa. Abin da na kusa sayar da ran ƙanwata don in kare, ashe ba ya ma cikin haɗari.

Yanzu na zo kanka. Na san kana shan sigari. Kada ka tsaya tunanin wanda ya kai ƙararka, ba kowa. 'Yar hudar ƙuna a aljihun riga, da alewa mai yaji da kake tsotsa kafin ka shigo gaishe ni, duk ni na riga ka yin su. An ce na rigingine ba a nuna masa farin wata. Ban yi maka faɗa ba don ba ni da bakin yi, a hannuna ka fara ganinta. Amma kai ba kamar abokanka ba ne da za su ce kakansu ya sha har ya shekara casa'in. Naka kakan bai yi ba, baffanka bai yi ba. Kana da shekara ashirin da shida, saiwarta ba ta yi nisa a jikinka ba. Likita ta ce wanda ya bari, haɗarin na raguwa da tafiyar shekaru, don haka kowace safiya da ka tashi ba ka kunna ba riba ce. Har da wannan tukunyar hayaƙi mai ƙamshin 'ya'yan itace da samari ke zagayawa, taba ce ta sa turare. Giya kuwa ban zarge ka ba, addininka ma ya ishe ka, amma bariki bariki ce, shi ya sa na ambata.

Kuma duk ranar da ka zauna gaban likita, ko zazzaɓi ne ya kai ka, in ya tambayi gidanku ka ce masa mutum uku: kaka, baffa, goggo. In ka ga kana ramewa ba dalili, ko ciwon saman ciki mai ɓullewa ta baya ya ƙi tafiya, ko ido ya canza, ko an ce sukari ya zo maka kwatsam, kada ka tsaya jiƙa saiwa. Ka tafi asibiti a ranar.

Saura aiki ɗaya da zan ɗora maka, kuma ya fi duk kayan da ke jakarka nauyi. Habu, wanda kake kwana a gidansa, ya haura arba'in da biyar. Da ya zo sallah na ga cikinsa ya riga shi shigowa zaure, na ga leɓensa. Har yau ya yarda Ɗan'azumi ne ya kashe masa uba, don ni na gaya masa haka ranar da muka binne shi. Na kira shi a waya sau biyu in warware, da na fara sai ya ce mota ta iso, ya kashe. Shi ɗa ne ga mai ciwon, ya fi ka kusa da bakin ramin. Ka sami ranar Juma'a bayan an sauko, ya ci ya ƙoshi, ka zauna ƙasa da shi yadda ƙane ke zama, ka ce Baffa Isa ya aiko ka da saƙo, ka karanta masa takardar nan tun daga bismilla, kada ka tsallake inda na yi ƙarya. Zai yi fushi. Mai yiwuwa ya ce ka tattara ka bar masa gida. In ya kore ka, ɗakinka na nan ba wanda ya shiga. Na gwammace ya shekara ashirin yana fushi da ni, ina jin muryarsa yana yi, da in je in yi wa 'ya'yansa ta'aziyya da wani sabon labari.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Goggonka ta ce in rubuta maka cewa ita ta riga ta yi nata yaƙin ta ci, saura ku, kuma ba ta haifi ragwaye ba ko da ba ita ta haife ku ba.

Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya tsare Habu da iyalinsa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba ka ƙarfin barin abin da zai cuce ka da ƙarfin faɗin abin da zai ceci ɗan'uwanka. Allah Ya dawo mana da ku lafiya, ku same mu lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa